Sabon zuwa Saudiyya aiki: tambayoyin da kowa ke yi a watannin farko

Duk wanda ya kwana biyu a Riyad ko Jidda ya haddace tambayoyin sabon zuwa, don kusan iri ɗaya ne, ko likita ne daga Kano, ko direba daga Maraɗi, ko malamin jami'a daga Zariya. Su ne aka tattaro a nan. Maganar ta fi shafar wanda ya shigo da bizar aiki a kamfani, asibiti ko makaranta. Masu aikin gida suna da nasu tsarin daban, an taɓo shi a inda ya kamata.

Na sauka lafiya. Me zan fara sa wa a gaba?

Igama. Ita ce katin zamanka, kuma kafin ta fito kai rabin mutum ne a ƙasar nan: ba asusun banki, ba hayar gida da sunanka, ba lasin tuƙi. Kafilinka, wato kamfanin da ya ɗauko ka, shi ke da alhakin fitar da ita cikin kwana 90 daga ranar da ka shigo, bayan an yi maka gwajin asibiti an kuma sa ka a inshorar lafiya. Kafin nan kana yawo ne da fasfo da lambar shigowa da jami'in Jawazat, hukumar shige da fice, ya ba ka a filin jirgi, wadda ake kira raƙam hudud. Ka ɗauki hoton shafin ka ajiye a waya.

Ka zo da ɗan guzirin da zai riƙe ka wata ɗaya ko biyu. Albashin farko yakan makara saboda ba asusun da za a zuba shi, kuma fara cin bashi a makon farko ba ya yi wa baƙo kyau.

Wa zai biya kuɗin igama, kuma a hannun wa fasfona zai zauna?

Dokar ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ka, da na igama, da na izinin aiki, da sabunta su, da tikitin komawarka gida idan aiki ya ƙare. Fasfo kuwa naka ne. Riƙe shi ba da yardarka ba laifi ne da ake cin tarar kamfani a kai. Za a iya ce maka “ajiya ce kawai, kada ya ɓata.” Ka yi godiya, ka ce kana da wurin ajiya.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu shi ne ranar ƙarewar igama tana tafiya da kalandar Hijira, wadda shekararta ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Ka riƙa dubawa da kanka a Absher, ka tunatar da ofis tun da sauran wata guda.

Me ya sa kowa ke cewa in kula da lambar wayata kamar idona?

Saboda gwamnatin ƙasar nan a cikin waya take zaune. A gida idan takarda ta maƙale sai ka nemi wanda ya san wani. A nan sai ka buɗe manhaja. Absher ita ce ta harkar igama, biza da mota. Qiwa ta kwantiragin aiki ce. Nafath ita ke tabbatar da cewa kai ne kai duk lokacin da za ka shiga wata hidimar gwamnati ko banki. Tawakkalna tana ɗauke da hoton katunanka. Dukansu suna turo lambar sirri zuwa layin da aka yi rajista da sunanka da zanen yatsanka, ko na STC ne, ko Mobily, ko Zain.

Don haka kada ka yi amfani da layin da wani ya ara maka, kuma kada ka sayi layi da sunanka ka ba wani, ko da ɗan garinku ne. Masu damfara suna kira da Larabci ko Turanci su ce daga banki ne, za a rufe asusunka in ba ka karanto lambar da aka turo ba. Banki ba ya tambayar wannan. Haka idan Nafath ta nemi amincewarka alhali ba kai ka buɗe komai ba, ka ƙi. Da wannan dannawa ɗaya ake ciwo bashi da sunan mutum yana barci.

Abin da aka turo mini a Qiwa ya saɓa da takardar da na sa wa hannu a gida. In amince?

Kada ka danna amincewa sai an gyara. Kwantiragin da ke Qiwa shi hukuma ta sani, kuma idan an samu saɓani tsakanin Larabci da fassarar Turanci, Larabcin ake bi. Ka nemi wanda ya iya karatu ya zauna da kai ku bi shi layi-layi: ainihin albashi nawa ne, kuɗin gida nawa (an saba ba da kashi 25 cikin ɗari na ainihin albashi, ko a ba ka masauki), kuɗin mota, tsawon kwantiragi, lokacin gwaji, da sunan sana'ar da za a rubuta a igamarka. Wannan na ƙarshe kamar ƙaramin abu ne, amma shi zai yanke ko za ka iya kawo iyali. Duba tambayar kawo iyali a ƙasa.

Kunya ce ke cutar mu a nan. Bahaushe yana ganin rashin ta ido ne ya tsaya yana ƙirga sharuɗɗa a gaban wanda ya ba shi aiki. Abokin aikinka ɗan Filifin ko ɗan Masar ba ya jin wannan nauyin, kuma mudir, wato manaja, bai ɗauke shi marar tarbiyya ba.

Awa nawa ake aiki, kuma yaya hutu yake?

Awa 8 a rana, ko 48 a mako. A watan azumi Musulmi awa 6 yake yi. Abin da ya haura wannan ƙarin lokaci ne, ana biyan kuɗin awa tare da ƙarin rabin ainihin albashin awar. Hutun mako a ma'aikatun gwamnati Juma'a da Asabar ne tun 2013, amma kamfanoni da yawa Juma'a kaɗai suke bayarwa. Lahadi ranar aiki ce cur, sai mutum ya yi makonni kafin jikinsa ya yarda. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. Masu aiki a fili kuma an hana sa su aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Yaya ake kama haya?

Idan kamfani ya ba ka masauki, ka zauna a ciki ko bai yi maka ba, har ka san gari. Idan za ka kama da kanka, ka sani haya ta shekara ce, ana biya sau ɗaya ko sau biyu, kuma dole yarjejeniyar ta bi ta dandalin gwamnati na Ejar. Wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya kafin ka ga gida da takardar Ejar, ka rabu da shi. Gine-gine sun kasu: na masu iyali, awa'il, da na marasa iyali, uzzab. Mai mata uku a Katsina idan ya zo shi kaɗai, gwauro ne a idon mai gida.

Gidan haya sau da yawa fanko ake ba da shi, ba na'urar sanyaya ɗaki, wani lokaci ko kantar kicin babu, don haka ka lissafa da wannan. Kayan hannu suna da araha a kasuwar Haraj da manhajar da ke da wannan suna. Haya a Riyad ta yi tashin da har sai da gwamnati ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin na shekara biyar a Satumban 2025. Da ka tare ka yi rajistar adireshinka na ƙasa, unwan waɗani, banki zai nema. Soket irin na Najeriya ne mai baki uku. 'Yan Nijar su taho da abin sauyi.

Yaya zan aika kuɗi gida?

Da igama ta fito ka buɗe asusu, a ba ka katin banki na mada, wanda ake karɓa har a ƙaramar bakala, wato kantin unguwa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 duk dala ɗaya, tun 1986, don haka abin da ke motsi naira ce, ba riyal ba. Akwai hanyoyin hukuma irin su Enjaz, Tahweel na bankin Al Rajhi da Western Union. Akwai kuma ta hannu, ka ba wani riyal a nan a ba naka naira a Kano. Farashinta kan fi daɗi, shi ya sa mutane ke bi, amma ba ta cikin doka, kuma ranar da kuɗi suka ɓata ba inda za ka kai ƙara.

Babban kashedi: kada ka bari wani ya riƙa wucewa da kuɗinsa ta asusunka. Mai albashin riyal 3,000 da ake ganin dubu 20 na shiga suna fita kowane wata, shi za a kira ya yi bayani, ba mai kuɗin ba.

Tun ban karɓi albashin farko ba buƙatun gida sun fara shigowa. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ba a yi a bainar jama'a, amma ita ta fi hana mutane barci. A gida ana buga albashinka da canjin naira a ga miliyoyi. Ba wanda ke cire haya, da abinci, da harajin kashi 15 cikin ɗari da ke kan kusan duk abin da ka saya. Ƙari a kan haka sunan ƙasar kansa: wanda ke “Makka” ai ya haye, ko da a wani sansanin ma'aikata yake a bayan Dammam, bai taɓa ganin Ka'aba ba.

Abin da na ga yana yi wa mutane aiki shi ne yanka adadi tun wata na farko. Na iyaye da iyali a rana ɗaya sananniya, ta hannun mutum ɗaya. Wani ɗan kaso na larura: asibiti, rasuwa, haihuwa. Sauran kuma a ajiye inda hannu ba ya saurin kai wa. Wanda ya fara da buɗe hannu sosai don a san ya isa, ranar da ya rage za a ce ya canza. Kuma kada ka riƙa turo hotunanka a manyan kantuna da motar kamfani sannan ka ce babu. Kai ka rubuta wa kanka takardar bashi.

Ka tuna zaman nan na kwantiragi ne. Akwai kuɗin sallama, rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan nan, amma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba ya samun komai a ciki.

Zan samu abincinmu?

A Makka, Madina da Jidda ba ka da matsala. Hausawa sun daɗe a Hijaz har tsire ya zama abincin gari, suna ce masa siriya, kuma a wajajen Shara Mansur a Makka za ka ci tuwo da miyar kuka kamar kana Fagge. A Riyad sai an ɗan nema. Baɗaha ce kasuwar baƙi, kuma kantunan 'yan Sudan da Indiya suna da kuɓewa, gero, wake da yaji. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa a taho da su daga gida cikin leda mai rubutu. Goro kuwa a bar shi, yana cikin abin da ake hana shigowa da shi. Kada kuma ka karɓi saƙon ƙulli ko magani daga kowa a filin jirgi: hukuncin safarar ƙwaya a nan yana kaiwa ga kisa.

Sauran kwanaki za ka saba da tamis da ful da safe, kabsa ko bukhari da rana. Shinkafa da kaza da lemon kwalba kullum, ga zama cikin sanyin na'ura ba tafiyar ƙasa, shi ke sa mutum ya koma hutun farko da tumbi ana yi masa barka, alhali sukari ne ke sallama.

Na yi Islamiyya, ina jin Larabci. Ya isa?

Ya isa a yi maka murmushi. Larabcin littafi zai taimake ka wajen karanta takarda da allon hanya, kuma wannan babbar riba ce. Amma na titi daban ne: “esh” ko “wesh” maimakon “maza” na littafi, wato “me”, “abga” ina so, “marra” ƙwarai, “yalla”, “khalas”. Akwai ma wani Larabcin na uku da ma'aikata baƙi suka ƙera a tsakaninsu, irin su “mafi mushkila”, “sawa sawa”, “inta fi ruh”, wanda za ka koya cikin wata biyu ko ba ka so. Asibitoci da manyan kamfanoni da Turanci suke aiki. Idan an ce maka “bukra in sha Allah” a ofis, ka tambayi ƙarfe nawa, kuma wurin wa.

Sai na sayi mota?

A Riyad yanzu ba dole ba ne idan gidanka da wurin aikinka suna kusa da tasha: jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Disambar 2024, layi shida, riyal 4 na awa biyu. A Jidda da sauran garuruwa rayuwa ba mota wahala ce, sai Uber, Careem ko motar kamfani. Mai igama lasin Saudiyya ake so ya riƙe, ta makarantar tuƙi ake bi, mata ma suna tuƙi tun 2018. Kyamarorin titi na Saher ba su san magiya ba: gudu, bel, waya a hannu, tsallake jar danja, saƙon tara zai riske ka kafin ka isa gida. Idan an yi karo ba rauni, Najm ake kira, kamfanin da ke duba haɗari don inshora, ba a tsayawa cacar baki.

Idan na yi rashin lafiya fa?

Inshorar da kamfani ya yi maka tana da aji, kuma kowane aji da asibitocin da ke karɓarsa. Ka san naka tun kana lafiya. Motar asibiti 997, kuma 911 tana aiki a yankunan Riyad, Makka, Madina da Gabas. Mutumin Sakkwato yakan ce ya san zafi, amma Riyad tana haura digiri 45 da iska busasshiya, Jidda kuma gumi ne kamar an rufe ka a tukunya. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne sanyin Riyad a Disamba da Janairu ya fi hunturun gida cizo.

Tunda ina ƙasar, zan iya Umra da Hajji duk lokacin da na so?

Umra kusan haka ne, ta manhajar Nusuk, wadda ita ce kuma ke ba da izinin shiga Rauda a Madina. Daga Riyad tafiyar ta haura kilomita 800, ana ɗaukar harami a Sailul Kabir. Mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗauka. Jirgin ƙasa na Haramain yana haɗa Makka, Jidda da Madina.

Hajji sai da tasrihi, wato takardar izini, ana biya ta kamfanonin alhazan cikin gida, kuma sau ɗaya a shekara biyar. Za ka ji masu cewa akwai hanyar dutse. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hana shigowa shekara goma. Doka ta ba ma'aikacin da ya shekara biyu a wuri, bai taɓa sauke farali ba, hutun Hajji na kwana 10 zuwa 15 da albashinsa. Ka jira wannan.

Yaya zan zauna da Hausawan da na tarar?

Kashi-kashi ne. Akwai 'yan ƙasa, jikokin alhazan da suka zo da ƙafa ta Sudan tun kafin jirgin sama, masu sunayen Hausawi, Barnawi da Fallata. Wasu suna jin Hausa, wasu sai gaisuwa, kuma Sa'udawa ne, kada ka matsa musu da “ɗan'uwa” in ba su fara ba. Akwai masu igama irinka. Akwai kuma waɗanda ake kira Takari, da yawansu ba takarda. A cikinsu akwai mutanen kirki da za su ciyar da kai su nuna maka gari, amma ba su masauki, ɗaukar su aiki ko ɗaukar su a mota zuwa Makka laifi ne da zai iya kai ka gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, tare da su. Zumunci da hankali.

Ka yi rajista da ofishin jakadancin ƙasarka a Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda. Tara gudummawa a bainar jama'a ba izini haramun ne a dokar nan, haka ɗaukar hoton mutane ba yardarsu, haka zafafan rubuce-rubucen siyasa da addini a intanet. Abin da ka saba rubutawa a Facebook kana Kaduna, ka auna shi sau biyu a nan.

Zan iya ɗan taɓa wani aiki ko kasuwanci a gefe?

Igamarka ta aiki ce a wurin kafilinka kaɗai. Kabu-kabu da motarka, aiki a shagon wani ranar Juma'a, duk saɓa doka ne. Buɗe shago da sunan Basa'ude alhali naka ne shi ake kira tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar. Sayen abaya da dabino ka aika Kano a sayar maka can shi ne abin da yawancin mutane ke yi. Ka haɗa shi da kashedin da ke amsar aika kuɗi gida.

An daina biyana albashi, ko zaman ya ƙi daɗi. In gudu?

A'a. Idan ka daina zuwa aiki kamfani zai iya shigar da kai a matsayin wanda ya tsere, abin da aka fi sani da hurub, daga nan kai ne mai laifi ko da kai aka zalunta. Ka ci gaba da zuwa, ka tara shaida: bayanan banki, saƙonni, kwantiragin Qiwa. Ka kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, ka shigar da ƙara ta sulhu, taswiya wuddiyya. Idan kwanakin aiki 21 suka wuce ba a daidaita ba, sai kotun ma'aikata.

Tun gyaran dokar Maris 2021, wanda ya cika shekara zai iya komawa wani kamfani ta Qiwa ba sai da yardar kafili ba, kuma ko bai cika ba yana da wannan damar idan an yi wata uku a jere ba albashi, ko igama ta mutu ba a sabunta ba. Wannan gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Su ta dandalin Musaned lamarinsu ke bi. 'Yar'uwa mai aikin gida da ta shiga matsala ta nemi ofishin da ya kawo ta da ofishin jakadanci, kada ta bi wanda ya ce zai samo mata wani gidan a ɓoye.

In kawo iyali?

Ya danganta da sana'ar da ke igamarka da kuma aljihu. Likita, injiniya, malami da makamantansu suna iya neman bizar zama ta iyali. Lebura ba ya samu. Kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ne a wata. Mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan, wato 19,200 a shekara, kafin haya ta masu iyali da kuɗin makaranta. Shi ya sa da yawa suka koma bizar ziyara: iyali su zo hutun makaranta, a yi Umra, su koma. Idan maiɗakinka za ta zauna, ka tuna a gida tana da maƙwabta, biki da suna. A nan bango huɗu ne daga safe har ka dawo. Ka nemi gida kusa da wasu iyalan da za ta riƙa shiga.

Me zan duba kafin in tafi hutu gida?

Bizar fita da dawowa, khuruj wa auda: riyal 200 na wata biyu, 100 kowane ƙarin wata. Ka duba ranar ƙarewarta a Absher da idonka, ka tabbata igama da fasfo ba za su mutu kana can ba, ka biya tarar hanya idan akwai. Ka bar layinka na Saudiyya a raye ka tafi da shi, don lambobin sirri ta nan za su zo ko kana Zinder. Ka sa tikitin dawowa da ratar kwana biyu ko uku kafin bizar ta ƙare, saboda jirgi na iya ɗagawa. Tsaraba kuma ka fara tarawa tun da wata uku, kuma ka auna jakarka a gida: dabino da zamzam sun fi yadda ake zato nauyi, zamzam ɗin ma sai a kwalinsa na filin jirgi ake karɓa.